Sixten Mai Hancin Gano Maye

A garinmu Bjurvik, in ka ji mutum a bakin shagon burodi yana zuba bayani a kan giya, yana rarrabe wadda ake yi da dankali da wadda ake yi da sha'ir, kada ka ɗauka mashayi ne. Sixten Granlund ne, wanda tun da aka haife shi ko ɗigo bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba. Duk iliminsa a takarda ya same shi. A asibitin garin yake aiki, can ɗakin ƙasa daura da inda ake wankin zannuwan gado. Likita zai duba majiyyaci a sama ya rubuta abin da ya gani, shi kuma Sixten ya karanta a ƙasa, ya nemo lambar da ta dace da ciwon ya buga a kwamfuta. Karaya da lambarta, tari da lambarsa. Maye kuwa gida guda ne mai ɗakuna da yawa: na giya daban, na wiwi daban, na ƙwaya daban, na shaƙe-shaƙe daban. Sixten ya haddace su kamar shi ya raɗa musu suna.

Dokar aikin ɗaya ce tal: abin da likita ya rubuta shi za ka ba lamba, ba ƙari ba ragi. Mai lamba ba ya ganin majiyyaci. To wannan dokar ce ta tsaya wa Sixten a wuya, don ya yi imani rabin garin nan a buge yake yini, likitoci ne kawai ke rufa musu asiri da ragwancin alƙalami.

Abin da ya sa ya damu kuwa kujerar shugabanci ce. Ƙungiyar Ƙin Giya ta Bjurvik kakansa ne ya kafa ta, ubansa ya shugabance ta, shi ko ya tsufa yana jera kujeru a zaurenta. Sai ga tsoho Helmer mai fentin kwale-kwale, wanda ya daɗe yana shugabanci, ya ce ya gaji, zai sauka a ƙarshen kaka. Masu nema biyu ne, Sixten da Gunborg mai shagon burodi, wadda burodin kirfarta ke riƙe da ƙungiyar tun ba yau ba. Kowa ya san in ciki ne zai yi zaɓe, Gunborg ta gama ci.

"Ita burodi gare ta, ni alƙaluma zan kawo," in ji Sixten, suna shan gahawar safe da matarsa Majken. "Zan tsaya gaban taro in ce ga yawan mashayan garin nan, a rubuce, ba jita-jita ba. Sai su gane jarumi ake buƙata, ba mai murza ƙullu ba."

"Mashaya nawa ka samu bana?"

"Ɗaya. Shi ma baƙo ne ɗan yawon buɗe ido." Ya buga tebur har cokali ya yi tsalle. "Laifin likitoci ne! Mutum ya faɗo daga keke a kan miƙaƙƙen titi, sai su rubuta wai ya faɗo daga keke. Me ya kayar da shi? Iska? Ni da zan tsaya kusa da shi in shaƙa sau ɗaya, sai in gaya miki abin da ya sha, da inda ya saya, da wanda ya raka shi."

Majken ta dube shi ta saman tabarau. "Tsoho, kai da madara ta lalace a firij, ka zuba a gahawa ka shanye ka ce yau ta yi gardi?"

"Wannan ai madara ce. Hancina na manyan abubuwa ne."

"To Allah ya tsare hancin."

Ranar Asabar ta kasuwar tuffa, ranar da ɗakin gaggawa ke cika da masu faɗowa daga bishiya da masu yanke yatsa, Sixten ya zari farar riga daga ɗakin wanki, ya rungumi kwamfutar hannu, ya hau sama. Ba wanda ya ce masa kanzil. Mutanenmu gara su bar ka ka shiga ɗakin tiyata da takalmin gona da su yi maka tambayar da za ta sa ka ji kunya.

Wadda ya fara cin karo da ita Gunborg ce, tana zaune da hannu naɗe a jiƙaƙƙen tawul, farantin tanda ya ƙona ta.

"Sixten? Yaushe ka zama likita ba mu sha biki ba?"

"Duba inganci nake yi. Ce haaa."

"In ce me?"

"Haaa. Daga can ciki."

"Hannu ne ya ƙone, ba maƙogwaro ba."

Bai jira izini ba, ya sunkuya a kafaɗarta ya ja numfashi mai tsawo. Ya ji wani wari mai tsami-tsami, mai ɗumi-ɗumi. Yis ne, sinadarin kumbura burodi, don tun asuba matar nan take cikin ƙullu har gwiwar hannu. Amma Sixten ya taɓa karantawa cewa da yis ake haɗa giyar sha'ir. Murna ta kama shi. Abokiyar takara, ranar farko, shaƙar farko! Ya laɓe bayan labule ya buga mata lambar mayen giya a ƙarƙashin ƙunar hannu.

A gado na gaba tsoho Helmer ne, ya zame daga kan kwale-kwale ya fasa goshi. Tun daga nesa ake jin warin fenti da man tsinka shi. Helmer kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya.

"Helmer, tun yaushe kake shaƙar wannan abu?"

"Eh?"

"Wannan warin! Tun yaushe?"

"Tun ban kai tsawon tebur ba! Ubana ya koya mini!"

"Kullum?"

"Kullum! Har Lahadi in Fasto bai gani ba. Ranar da ban ji warinsa ba, ba na iya barci."

"A ina kake yi?"

"A rumfa. In rufe ƙofa da taga saboda ƙura."

Sixten ya girgiza kai cike da tausayi. Shugaba guda, ashe ɗan sholisho ne! Ya buga masa lambar shaƙe-shaƙe, ya ƙara da wadda ke nuna abin ya zama jiki.

Can sai ga Fasto Ebbe an shigo da shi dafe da ƙirji, zuciya na dukan tara-tara, hannuwa na karkarwa. Da safe ya yi jana'iza, da hantsi baftisma, da rana ɗaurin aure, kuma kowane gida an kafa masa gahawa. A garin nan kuwa in an zuba maka kofi na biyu ka ce a'a, ka zagi mai gida ke nan har da kakanninsa. Sixten ya shaƙa ta dama, ya shaƙa ta hagu, gahawa zalla. Har ya juya cikin takaici, sai ya tuna. A gidan maye akwai ɗakin abubuwan da ke ƙara kuzari, kuma can ƙasa, da ƙananan haruffa, gahawa tana ciki. Ba ƙirƙira ya yi ba, lambar tana nan, sai dai ba a taɓa jin wanda ya yi amfani da ita a garin nan ba.

"Ebbe, kofi nawa ka sha?"

"Ban ƙirga ba, ɗan'uwa. Matar mamacin tana zubawa tana kuka, ta yaya zan ce ya isa?"

"Ka taɓa ƙoƙarin dainawa?"

"Daina me? Gahawa? Sixten, lafiyarka kuwa?"

"Haka dukkanku kuke cewa," in ji Sixten, ya buga lamba.

Daga nan kasuwa ta buɗe, don duk wanda ke zaune a ɗakin jira ya sha gahawa tun safe. Mai karayar ƙafa ya samu lamba, mai ƙaya a maƙogwaro ya samu, wanda zuma ta harba ya samu. Har wata mata da ta rako mijinta ya shaƙa, ya ji haushin ba ta da fayil. Da la'asar ya isa gida yana fito, baki har kunne.

"Majken, albishirinki! Garin nan ya lalace gaba ɗaya!"

Abin da Sixten ya manta, saboda daɗewa a ɗakin ƙasa, shi ne kowa a ƙasar nan yana iya buɗe wayarsa ya karanta abin da asibiti ya rubuta a kansa. Ranar Lahadi bayan sujada, ana zaune a zauren coci ana shan gahawa, Gunborg ta buɗe tata da hannu ɗaya don ta ga yaushe za a canja mata bandeji. Ta karanta, ta goge tabarau, ta sake karantawa, sannan ta miƙe tsaye.

"Wane ne ya rubuta cewa na bugu?"

Sai ka ji ƙaf-ƙaf-ƙaf, kowa na laluben aljihu. Helmer bai iya waya ba, ya miƙa wa Fasto tasa.

"Me aka ce? Goshin zai warke?"

Fasto ya yi ƙasa da murya. "An ce kai ɗan sholisho ne."

"Ɗan wa?"

"Sholisho."

"Ɗaga murya mana, ba a kan mumbari kake ba?"

"An ce kai ɗan SHOLISHO ne!"

Har masu wanke kofuna a kicin sun leƙo. Fasto ya buɗe tasa wayar, ya karanta, ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali ya ture shi nesa.

Mai hankali da ya sulale ta ƙofar baya. Sixten miƙewa ya yi ya gyara wuyan riga. "Jama'a, ni na buga, kuma lamba ba ta ƙarya. Ciwo ne, ba abin kunya ba ne. Ranar zaɓe zan kawo cikakken bayani."

"Kai ka buga?" Gunborg ta nufo shi da naɗaɗɗen hannunta a sama. "Da wace hujja?"

"Hancina ya ji yis."

"Yis! A jikin mai burodi! To gobe ka je wurin mai kifi, in ka ji ƙarni ka rubuta ya nutse a tafki."

"Gunborg, musu shi ne alamar farko."

"Alamar farko ta me? Ka san dokar ƙungiya sarai. Duk wanda asibiti ya tabbatar ya yi maye, shugaba zai kira sunansa gaban jama'a ya buga guduma, ya fita ke nan. So kake a kore ni kafin zaɓe, munafuki!"

"Ni ƙungiya nake tsarewa."

"Tsare wannan!" in ji Helmer, wanda sai yanzu aka gama fahimtar da shi ma'anar sholisho. Ya ɗaga sanda. Da ƙyar Fasto ya shiga tsakani yana cewa a yafe wa juna, shi kansa haƙoransa a cije.

Ranar Litinin Dakta Ingvor, likitar da ta duba su duka, ta sauko ɗakin ƙasa. Ita in ranta ya ɓaci muryarta ƙara sanyi take yi, ranar nan kuwa da ƙyar ake jin ta.

"Sixten, wa ya duba Gunborg?"

"Ke."

"Na rubuta maye?"

"Kin manta ne, Ingvor. Aiki ya yi miki yawa, na ɗan taimaka."

"Na gode. Yanzu ka goge su ɗaya bayan ɗaya ina tsaye, sannan ka kira kowa a waya ka ba shi haƙuri. Farar rigar kuma ka mayar, ta mai gyaran haƙori ce."

Ya goge, ya kira, ya sha zagi iri-iri, har daga matar da ba ta da fayil. Amma da ya koma gida cewa ya yi da Majken, "Yau babbar likita da kanta ta sauko ofishina. Mun daɗe muna tattaunawa."

"Ƙuri'a nawa ta rage maka?"

"Tawa tana nan daram."

Ya kwana biyu yana saƙa da warwara, sai dabara ta faɗo masa. Tun abin da ya faru a coci, ba wanda ke iya shan gahawa a gabansa, da ya shigo sai a rufe kofi da tafin hannu. To ranar zaɓe me za a sha? In Gunborg ta kama su ta ciki, shi zai kama su ta maƙogwaro. Zai kawo ruwan tuffa na gonarsa, matsin hannunsa, abin sha mai tsarki wanda ba shi da lamba a gidan maye.

Bai hau bishiya ba. Waɗanda suka faɗo ƙasa ya bi yana tsinta, masu laushi, masu launin ƙasa-ƙasa, wai su ne masu zaƙi. Ya matse, ya antaya sukari, ya cika jarkoki, ya jera su jikin tukunyar ɗumama gida.

"Tsoho, ana dafa shi ne, ko a sa a firij," in ji Majken.

"Sanyi yana kashe ɗanɗano, wuta tana kashe amfani. Ke dai ki zuba ido."

Ta zuba. Ba a daɗe ba jarkoki suka kumbura suka fara tsaki.

"Jarkokinka suna magana."

"Numfashi suke yi. Alamar lafiyayyen ruwa ke nan."

"Ruwa dai ba ya tsami banza."

Sixten ya sassauta murfi ɗaya, kumfa ta biyo yatsunsa. Ya kafa hanci ya ja har idonsa ya kawo ruwa. "Tuffa zalla," in ji shi.

Dusar da ya matse kuwa bayan shinge ya zubar, rana ta yi ta dukanta har ta yi tsami. Wata yamma sai ga gwankin dajin nan namu mai ƙaho reshe-reshe, ya ci ya yi nak. Ya tsaya a tsakar lambu ƙafafu a ware, ido ɗaya a rufe. Ya yi taku biyu gaba, uku baya, ya shiga igiyar shanya ya fito da rigar barcin Majken a ƙaho, sannan ya jingina da bishiya yana kallon sama.

"Wannan dabbar a buge take," in ji Majken daga taga.

"Ke me kika sani? Ƙafa ce ke masa ciwo, dubi tafiyarsa. Da maye ne, da tun daga nan na jiyo."

Gwankin ya zauna daɓas a kan furanninta ya fara minshari.

Ranar zaɓe, Lahadi da rana, zauren ƙungiya ya cika. Gunborg ta jera burodin kirfa, Sixten ya jera jarkoki. Da ya zo zuba mata, ta rufe kofinta, ta fito da butar gahawarta daga jaka.

"Ko ruwan sama ne ya biyo ta hannunka, na haƙura da shi."

Ta koma can bakin ƙofa ta zauna ita kaɗai, ta juya musu rabin baya.

Da ya buɗe jarkar farko, murfin ya tashi fau, ya doki silin. Jama'a suka tafa. Aka zuba, aka kurɓa.

"Sixten, me ya sa yake cizon harshe?" in ji Fasto.

"Bitamin ne."

"Yana da ɗumi a ƙirji."

"Aiki yake yi."

Ka tuna waɗannan mutane ne da ba su taɓa sanin ɗanɗanon abin da suke yaƙa ba. Da akwai mashayi ko ɗaya a cikinsu, da tun kurɓar farko ya tona asiri. Babu. Sixten ya zagayo da zubi na biyu, ba mai iya cewa a'a. Na uku kuwa da kansu suka miƙo kofuna.

Aka tashi yin waƙar buɗe taro, wadda aka saba ja a hankali kamar ana rakiyar gawa. Yau sai ta fito da gudu, har da buga tebur. Fasto ya fara addu'a, ya kai tsakiya dariya ta kama shi, ya ce amin ya zauna. Wasu tsofaffi mata biyu, ya da ƙanwa, da suka shekara ba sa ga-maciji saboda gadon wata kujera mai lilo, suka rungume juna suna kuka kowa na cewa ɗaya ta ɗauka. Helmer ya cire takalmi ya ɗora a tebur ya ce ƙafarsa ma memba ce.

Sixten ya hau mumbari. Maƙogwaronsa ya bushe saboda fargaba, don haka ya fi kowa sha.

"'Yan'uwa! Giya... giya maƙiyiya ce. Ni na san ta. Ko ta sa hula, ko ta sa gemu, na san ta! In kuka zaɓe ni, zan kafa hancina a ƙofar gari. Duk motar da za ta shigo, sai ta ce haaa!"

"Haaa!" in ji zauren gaba ɗaya.

"Ba ɗigon da zai shigo Bjurvik ina raye!"

Ya ɗaga kofi, suka ɗaga, aka shanye. Helmer ya ce masu son Sixten su ɗaga hannu. Wasu suka ɗaga biyu, Fasto ya ɗaga kujera. Helmer ya ƙirga ya samu ƙuri'u sun fi mutanen garin yawa, ya ce ya wadatar. Ya damƙa wa Sixten gudumar shugabanci, ya sumbace shi a sanƙo. Sixten ya rungume gudumar yana hawaye. Abin da ya jira tun yana saurayi ga shi a hannunsa, sai dai ya rasa dalilin da ya sa yake ganin guda biyu.

Gunborg tana bakin ƙofa tana cika tana batsewa, ta ɗauka duk iskanci ne ake mata. Sai da mai kaɗa molon coci ta kwanta ƙarƙashin tebur ta riƙe ƙafarsa tana roƙon a tsayar da zauren za ta sauka, sannan ta tsorata. Ta ce guba ce, ta kira asibiti.

Motar asibiti ɗaya ce a garin, ba za ta ɗauke su ba, sai aka turo bas. Haka aka bi da su ta tsakiyar gari da rana tsaka, tagogi a buɗe, Ƙungiyar Ƙin Giya tana rera waƙa tana ɗaga wa mutane hannu. Masu shan giya a bakin otal suka miƙe tsaye da kofunansu suna kallo, ɗaya har ya cire hula.

A ɗakin gaggawa Dakta Ingvor ta dube su, ta fito da na'urar gwajin giya da ake busawa. Sixten ya tare ta da guduma a hannu, yana tangaɗi.

"Ingvor, kada ki wahalar da na'ura. Na shaƙa su duka a mota. Garau suke."

"Busa."

"Ni? Ni ne shugaba!"

"To shugaba ya fara."

Ya busa. Na'urar ta yi ƙara, likita ta duba, ta ɗaga gira. Aka bi layi kowa ya busa, kowa ta yi masa ƙara, amma ba wanda ya kamo shugaba. Gunborg ma ta ce sai ta busa, ta busa da ƙarfi tana kallon Sixten, na'urar ta yi shiru. Likita ta zauna ta fara rubutu.

Sixten ya matso yana raɗa. "Ki rubuta tuffa ce ta ɓata musu ciki. Ai ba ƙarya ba ne."

"Abin da na gani nake rubutawa."

"To ki ɗan gajarta."

"Gobe da safe zai iso teburinka. Ka san lambar."

Aka zaunar da su a ɗakin jira, aka yi ta ɗura musu ruwa. Kafin rana ta faɗi waƙa ta mutu, kai ya fara sara, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, ban da Helmer da ya baro nasa a kan tebur. Ɗakin cike yake da sauran majiyyata da 'yan rakiya, ga mutanen gari sun yi cincirindo a bakin ƙofa. Nan Gunborg ta miƙe.

"Shugaba."

Sixten ya ɗago da ƙyar.

"Asibiti ya tabbatar. Ka san doka, ga guduma a hannunka."

"Gunborg, a bari mana sai an koma zaure."

"Doka ta ce gaban jama'a. Ga jama'a."

Ya dubi Fasto neman ceto, Fasto ya rufe fuska da hula. Ba yadda zai yi. Ya miƙe, ya jawo ɗan teburin jaridu, ya fara kiran suna yana bugawa. Kowane bugu sai ɗakin ya dafe kai. Ya kira mai molo, ya kira ya da ƙanwa, ya kira Fasto Ebbe. Da ya zo kan Helmer sai ya dakata, don tsohon yana zaune da safa, hawaye na bin gemunsa.

"Tun ina yaro na yi wa uwata alkawarin ba ni ba giya," in ji Helmer. "Na riƙe shi har na ga jikokin jikoki. Yau ga abin da na sha a hannun ɗan gida."

Wannan ta fi sandar ciwo. Kunya ta rufe Sixten har ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya buga gudumar a hankali. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Sixten Granlund," ya buga ta ƙarshe, ya miƙa wa Gunborg da hannu biyu.

Ta karɓa ta juya ta tana dubawa. "Wanda ya rage shi ne shugaba. Akwai mai ja?"

Ba mai ja.

Sixten ya matso kusa da ita. "Gunborg... Shugaba. Ana iya dawowa?"

"Ana iyawa. Ka cika shekara ba ka sha ba, sannan membobi biyu su tsaya maka. Sabon shiga ma haka ne."

"Biyu?"

"Biyu. Kakanka ne ya rubuta, ya kuma ce ba a canjawa."

Sixten ya juya ya bi ɗakin da kallo, daga wannan bango zuwa wancan, yana motsa leɓe. Ya dawo kan Gunborg ya tsaya.

"Yanzu saura membobi nawa?"

Gunborg ta buɗe baki za ta amsa, sai ita ma ta tsaya, gudumar a hannunta.

"Me suke cewa?" in ji Helmer, yana jan hannun rigar Fasto.

Fasto ya sunkuya a kunnensa, ya ɗaga murya yadda har na bakin titi suka ji.

"An ce Sixten ya rufe ƙungiyar kakansa!"